Ajiye bayanan kampani a intanet: abin da ya kamata a duba kafin a sayi na'ura

Ɗan kasuwar da ke da babban shago a Maraɗi da reshe a Yamai yana so ya san, a kowane lokaci, buhu nawa ya rage a sito da kuma wanda bai biya bashi ba. Haka kampanin motocin sufuri da ke sayar da tikiti a Damagaram da Tawa a lokaci guda, haka farmasi, makarantar kuɗi ko asusun ba da rance. Dukkansu suna bukatar rumbun bayanai, wanda ake ajiyewa a cikin wata babbar kwamfuta da ke aiki dare da rana, sauran kwamfutoci da wayoyi suna shiga cikinta ta intanet. Ita ce uwar na'ura, wadda a faransanci ake kira serveur.

Mai sayar da kaya yakan fara da zancen ƙarfin na'ura. Amma tambayar da ya kamata mai kampani ya fara yi wa kansa ita ce: ranar da na'urar nan ta tsaya, awa nawa aiki zai iya jira, kuma bayanan kwana nawa za a iya rasawa ba tare da an durƙushe ba? Amsar ita ke nuna sauran zaɓi.

A gida ko a haya?

Hanya ta farko ita ce a sayi na'urar a girke ta a ofis. Bayanai suna hannun mai su, kuma ma'aikatan cikin gida suna ci gaba da aiki ko da intanet ta yanke. Sai dai nauyin kula da ita duka yana kansa. Wuta ce matsala ta farko. Mutane ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, garuruwa suka shiga dogon ɗauke-ɗauken wuta. Uwar na'ura ba ta son a kashe ta bagatatan: in wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu, rumbun na iya lalacewa. Dole a haɗa ta da ondiler mai batir, a bayansa kuma gurup ko hasken rana. Sai zafi: ɗakin irin waɗannan na'urori ana so ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar nan yana wuce 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin ciki. Wanda zai lissafa kuɗin na'ura sai ya haɗa da kuɗin sanyaya ɗaki, man gurup da canjin batir.

Hanya ta biyu ita ce haya a wata cibiyar ajiyar bayanai, a biya wata-wata. Kampanoni irin su OVHcloud da Scaleway na Faransa, ko Amazon da Microsoft na Amurka, suna ba da hayar na'ura sukutum ko wani yanki nata. Wuta, sanyi da gadi duk nasu ne. Raunin wannan hanya yana kan layi. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta na biyowa ta ƙasashe maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin matsalar sadarwa. A irin wannan rana, shagon da rumbunsa ke Turai ba ya iya ganin lissafinsa. Shi ya sa kampani mai rassa da yawa, wanda haya ta fi dacewa da shi, ya kamata ya riƙe layin intanet biyu daga kampanonin sadarwa daban-daban.

Wace manhaja?

Uwar na'ura tana bukatar manhajar da ke tafiyar da ita da kuma manhajar rumbun kanta. A ɓangaren farko, zaɓi yana tsakanin Linux, kamar Debian da Ubuntu waɗanda kyauta ne, da Windows Server da ake sayen lasisinsa. A ɓangare na biyu akwai PostgreSQL, MySQL da MariaDB da ake samu kyauta, sai SQL Server da Oracle waɗanda cikakken lasisinsu ke da tsada. Na kyautar ba ƙananan kaya ba ne, manyan kampanonin duniya suna aiki da su. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci. Na ɗaya, manhajar lissafi ko ta sito da kampanin ya riga ya saya, domin wasu ba su tafiya sai da SQL Server. Na biyu, mai gyara: manhajar da babu wanda ya iya ta a garin, ranar da ta lalace sai a jira wani ya taso daga Yamai.

Kayan ciki

Ga rumbun bayanai, ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM da saurin faifan ajiya sun fi girman injin lissafi muhimmanci. In bayanan da ake yawan nema sun samu wuri a cikin RAM, amsa tana fitowa nan take. Rubutu da lambobi ba su cin wuri: layi miliyan ɗaya na lissafin ciniki galibi ba ya kai giga ɗaya. Saboda haka giga 16 zuwa 32 na RAM sun ishi yawancin ƙananan kampanoni, kuma gara a nemi nau'in ECC, mai gyara ƙananan kurakurai da kansa. Faifan SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. A sa guda biyu a tsarin RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a ɗaya ake rubuta shi a ɗayan, ta yadda in ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa.

Darasin Strasbourg

Faifai biyu ba su kare kowa daga gobara, sata, ɓarayin intanet ko ma'aikacin da ya goge abu bisa kuskure. A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVHcloud a birnin Strasbourg. Miliyoyin shafuka sun tsaya, kuma wasu abokan ciniki sun rasa bayanansu har abada, saboda ba su da kwafi a wani wuri. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi mai sauƙi ce: kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa. Mai na'ura a ofis ya tura kwafi waje kowane dare, mai haya a waje ya sauko da kwafi gida. A kuma riƙa gwada dawo da kwafin lokaci zuwa lokaci, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma doka. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane. Duk wanda ke riƙe da sunaye, lambobin waya ko takardun marasa lafiya, musamman in zai ajiye su a wata ƙasa, ya tuntuɓi hukumar da ke sa ido kan wannan doka tukuna.

Kafin a sa hannu a kwangila da mai girka na'ura, a nemi amsa a rubuce: a ina kwafin yake, awa nawa ake ɗauka a dawo da shi, kuma da sunan wa aka buɗe asusun hayar. Asusun da kalmomin sirrin su kasance a hannun mai kampani, domin in ma'aikacin da ya girka ya bar aiki da su, bayanan sun tafi tare da shi.