Keke Ya Dawo Umdurman, Saura Mu Koya Wa Yaranmu Hawansa Lafiya

Duk wanda ya zauna a Umdurman bayan ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum, ba sai an gaya masa darajar keke ba. Da man fetur ya yi wuya, motocin haya suka ja baya, sai jama'a suka shiga ɗakunan ajiya suka zaro tsofaffin kekunan da tsatsa ta fara ci. Da keke aka riƙa ɗebo ruwa, da shi aka riƙa neman magani, da shi kuma yara suka riƙa karɓo abinci daga takiyya, wato wuraren girkin da 'yan unguwa suka kafa don ciyar da jama'a. Abin da a dā ake yi wa kallon abin hawan talaka, sai ga shi ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Ba yau keke ya fara aiki a ƙasar nan ba. Garin Atbara ya yi suna da shi tun zamanin da ma'aikatan jirgin ƙasa ke fitowa daga aiki ayari-ayari a kan kekunansu. Dattawanmu kuwa har gobe suna tuna Raleigh na Ingila, wanda muke kira Rale, da Phoenix na ƙasar Sin, kamar yadda ake tuna su a Kano da Katsina. Maƙwabtanmu suna ce wa keke ajala, mai gyaransa kuma ajalati, mu kuwa mai faci muka sani.

To, amma al'amura sun sauya. A watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar Hartum, kuma kafin ƙarshen shekarar hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya sun komo jihar. Da mutane suka komo, motoci ma suka komo: hafila da amjad da raksha da manyan motocin kaya. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne, yawancin yaran da ke kan keke a unguwanninmu sun koyi hawa ne a lokacin da tituna suke wayam. Sun saba ratsa titi ba tare da waiwaye ba, domin a lokacin babu abin da za a waiwaya a gani. Yaron da ya koyi keke a haka, in ya fito titin Wadi ko titin Arba'in da hantsi, bai san dokar wurin ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya koya masa.

Mun ga misalin haka a layinmu. Wani yaro ɗan shekara 12 ya ɗauko jarkoki biyu na ruwa, birkinsa na baya ya daɗe da tsinkewa, da silifa yake taka taya in zai tsaya. Raksha ta ɓullo daga lungu, nauyin ruwa ya rinjaye shi, ya faɗi ya karye a hannu. Allah Ya taƙaita, kai bai bugu ba. Wayar birkin da ta jawo wannan wahala ba ta kai kuɗin ɗaurin da aka biya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Balle kuma a garin da yaƙi ya lalata asibitocinsa da yawa, inda rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

A ina za a koyar?

Ba sai mun jira wani ofishi ya shirya mana taro ba, domin Umdurman gari ne na taro. An san shi da Maulidin da ɗariƙu ke kafa tantuna a Filin Halifa, an san shi da shimfiɗa tabarmi a bakin titi don buɗa-baki a watan azumi. Ga makarantun allo, ga wasan ƙwallon samari da la'asar, ga suna da biki. Duk inda aka taru, za a ga kekuna jingine a bango. Abin da muke ba da shawara shi ne a ware rabin awa a irin waɗannan taruka domin keke.

Da farko a gayyato mai facin unguwa da kayan aikinsa, a jera kekuna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A duba birkin gaba da na baya, da iskar taya, da sarƙa, da ƙararrawa, a kuma daidaita sirdi yadda yaro zai iya kai ƙafarsa ƙasa. Masu hali su tara kuɗin wayar birki da robarsa, a sa wa wanda ba shi da shi, sadaka ce.

Sannan a zana hanya a fili da toka, a yi mata mararraba, yara su bi ana kallo. A koya musu bin hannun dama tare da motoci, ba a fuskance su ba. A koya musu tsayawa a bakin lungu su duba dama da hagu, da miƙa hannu kafin su karya kwana. A nuna musu cewa direban babbar mota ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa, saboda haka kada a kuskura a shiga tsakanin mota da bakin titi lokacin da za ta juya. Kaya kuma a raba shi daidai a ɓangarorin biyu, a ɗaure a kariya, ba a rataya a kan keke ba.

Batun dare shi ma babba ne, musamman inda babu fitilun titi. Farar jallabiya tana taimakawa a hango mutum, amma a tattare ta, don bakinta yakan shiga sarƙa ko taya ya kayar da mai ita. A sa fitila a gaba, ko da ƙaramar tocila ce, a baya kuma jan abu mai ƙyalli. Wanda ya samu hular kwano ya sa, ya ɗaure igiyarta, domin raunin kai shi ne ya fi kisa. In guguwar habub ta taso, a sauka a fake.

Akwai kuma gargaɗin da bai kamata a tashi taro ba a yi shi ba. Yaƙi ya bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a kangaye da filaye. Mai keke yana son yanke, amma a gaya wa yara su bi hanyar da jama'a ke bi, kuma duk ƙarfen da ba su sani ba kada su taɓa, kada su ɗora a kariya don kai wa masu sayen ƙarfe. Su matsa nesa, su sanar da manya.

Kada a bar 'yan mata a baya, don su ma ana aikensu. Tun kafin yaƙi wasu mata a Hartum, ƙarƙashin jagorancin Inas Muzammil, suka kafa ƙungiyar mata masu hawan keke. Direbobin raksha da na amjad da ke cikinmu su ma a zaunar da su a taron, a tuna musu cewa masana sun ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane ke cuɗanya da motoci.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Lokacin zafi ne ƙwarai a nan, saboda haka wanda zai shirya wani abu ya yi da sassafe ko bayan la'asar. Amma ba sai an jira Yuni ba. Muna kira ga limamai da malaman allo da shugabannin matasa, kowa ya fara da taron da ke gabansa, ko da kekuna goma ne. Unguwar da ta gwada, ta aiko mana da labari mu buga a wannan shafi.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.