Kiɗan lantarki: yadda ya faro a gidajen rediyo, da rawar da Nijar ta taka

Duk wanda ya girma yana sauraron gidan rediyon ƙasa ko yana kallon Télé Sahel ya san wani kiɗa mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Babu muryar mawaƙi a cikinsa, babu kalangu, babu gurmi, amma da kunne ya ji ya san karin na gida ne. Da yawa daga cikin wannan kiɗa aikin Mamman Sani Abdoulaye ne, mutumin Yamai. Jama'a sun haddace kiɗan, amma ba kowa ya san mai shi ba. Shi ne ake kira kiɗan lantarki.

To, mene ne shi? Kowane sauti girgiza ce. In makaɗi ya bugi ganga, fata ce ke girgiza, ta girgiza iska, iska ta kai kunne. A kiɗan lantarki kuwa, wutar lantarki ce ke girgiza lasifika. In girgizar ta yi sauri sai sautin ya fito siriri, in ta yi jinkiri sai ya yi kauri. Masu wannan sana'a hanya biyu suka bi. Wasu sukan ɗauki sautin da ke akwai, kamar ƙarar ƙofa ko muryar mutum, su yanka shi, su juya shi baibai, su rage masa gudu, har ya koma wani abu dabam. Wasu kuma na'ura suke sawa ta haifi sautin da babu wani kayan kiɗa da ke yin irinsa.

Cikin waɗanda suka share wannan fage akwai ɗan Afirka. A 1944, Halim El-Dabh, ɗalibin ilimin aikin gona a birnin Alƙahira, ya ari na'urar ɗaukar murya daga wani gidan rediyo. Na'urar lokacin a kan siririyar wayar ƙarfe take ɗauka. Ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ya yi kama da bori a wurinmu, ya koma ɗakin ɗaukar sauti ya yi ta sarrafa su, yana ƙara musu amsa-kuwwa, har suka zama wani sauti da kunne bai saba ji ba.

Bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya je tashar jirgin ƙasa a Paris ya ɗauki ƙarar jirage a faifan garmaho, ya harhaɗa ta ta zama kiɗa, aka watsa a rediyo. A 1950 shi da abokin aikinsa Pierre Henry suka gabatar da irin wannan kiɗa a gaban jama'a. Ƴan kallo sun zauna, ga lasifikoki da garmaho a gabansu, babu makaɗi ko ɗaya riƙe da kayan kiɗa. A 1951 gidan rediyon birnin Kolon na Jamus ya buɗe ɗaki na musamman don wannan bincike, inda Karlheinz Stockhausen ya yi suna. Kun ga ke nan, gidajen rediyo su ne makarantar farko ta wannan kiɗa, don a can ake da na'urori da masu sanin kansu. Shi Schaeffer ɗin ma daga baya ya shugabanci Sorafom, hukumar da Faransa ta kafa don buɗe gidajen rediyo a ƙasashen da take mulka a Afirka.

A Nijar ma ta ƙofar rediyo abin ya shigo. Mamman Sani yana aiki da hukumar UNESCO ne ya ci karo da ogan, wato piyano mai aiki da lantarki, a 1974. Ƙirar Italiya ce, ya saye ta, ya zauna yana gwada kiɗe-kiɗen gargajiya a kanta: tande na Abzinawa, wanda ake ɗaure fata a bakin turmi a buga, da waƙoƙin Fulani Bororo, da na makiyaya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai mutum ya saurari karin da kyau, ya gano ƙashin bayansa, sannan ya nemo masa wuri a kan madannan na'urar da Turawa suka ƙera don nasu kiɗan. Salonsa ba ya son cunkoso: sauti kaɗan, maimaitawa, da barin fili tsakanin bugu da bugu.

A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa. Aka ɗauki zubi na farko, ya sake bugawa a kansa, aka haɗa biyun, sai ka ce mutum biyu ne ke kiɗan. An shirya fitar da kaset ɗin tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai yi nisa ba, ƴan kaɗan aka buga. Sai bayan shekara 35, a 2013, kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, wani Ba'amurke da ya tarar da kaset ɗin a Yamai, ya sake fitar da shi da sunan "La Musique Électronique du Niger". Daga nan aka fara gayyatar Mamman Sani Turai yana wasa.

Ƴan baya ma sun ɗauka. Akwai Hama, shi ma ɗan Yamai, wanda kiɗansa na piyanon lantarki ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori kafin a fitar da faifansa "Torodi", sannan "Houmeissa" a 2019. Aikin da a da sai an cika ɗaki da na'urori, yau matashi na iya yinsa da kwamfuta ɗaya.

Sai dai akwai abin dubawa. Da wannan kaset na 1978 ya lalace kafin a kai gare shi, da aikin ya bi ruwa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima: yana manne wa juna, sautin ya dushe, wani lokaci ya tsinke. A gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai tsofaffin kaset a ƙasan akwati, na makaɗan gargajiya, na bukukuwa, har da saƙon murya da ƴan ci-rani suka riƙa aikowa gida. Mai irin wannan ajiya ya sa ta a inuwa, nesa da rana da lasifika, don maganaɗisun lasifika na iya ɓata abin da aka ɗauka. In da hali, a juye sautin a kwamfuta ko waya, a rubuta sunan makaɗin da garinsu da shekarar da aka ɗauka. Ƴan uwa da ke zaune waje, ga wurin da taimakonku zai yi amfani.