Babbar Mota da Ƙaramar Mota: Wace Ce Ta Fi Kare Direba Ranar Karo?

Na'ibawa ƙofar Kano ce ga duk wanda ya taso daga Zariya, Kaduna ko Kudu. A nan tireloli suke rabuwa: wasu su karkata yamma zuwa masana'antun Challawa da Sharada, wasu su bi baifas ta gabas ta Hotoro su nufi Bompai. A tsakaninsu ga Golf da Sharon na tasha, ga bas Hiace, ga kanta ta ɗauko kaya daga 'Yan Katako, ga motocin ayaba da kankana suna neman shiga 'Yan Lemo, ga a daidaita sahu yana kurɗawa duk inda ya ga kafa. Kwalta ɗaya ce ta haɗa abin hawan da bai kai rabin tan ba da wanda kayan bayansa kaɗai, buhun siminti 600, ya kai tan 30.

Shi ya sa musun babbar mota da ƙarama ba ya ƙarewa a bakin direbobin wannan yanki. Mai jif yakan ce ƙarfe ya fi ƙarfe, idan ta ɓaci shi zai buɗe ƙofa ya fito da ƙafarsa. Mai Golf yakan ce tasa tana jin birki, tana jin sitiyari, kafin ta ɓaci ma ya kauce. Kowannensu yana da gaskiya, amma gaskiyar kowanne tana da iyaka, kuma iyakar tana ga irin hatsarin da aka yi.

Mu fara da taho-mu-gama, inda babbar mota take da rinjaye ba tare da wata jayayya ba. Abin da yake illata mutum a karo shi ne yadda gudun jikinsa yake sauyawa farat ɗaya. A ɗauki mota mai tan ɗaya da wata mai tan biyu, kowace tana gudun kilomita 60 a awa, suka haɗu gaba da gaba. Mai nauyin za ta tura ƙaramar baya, su biyun su ci gaba da tafiya ta inda babbar ta dosa da gudun kilomita 20. Direban babbar ya sauko daga 60 zuwa 20, sauyin da jikinsa ya sha 40 ne. Direban ƙaramar ya tashi daga 60 gaba ya koma 20 baya, nasa 80 ne. Karo ɗaya, wuri ɗaya, amma ɗaya ya sha ninkin abin da ɗayan ya sha. Idan aka maye gurbin mai tan biyun da tirela mai tan 30, gudunta zai ragu da kilomita 4 kacal, alhali sauyin da zai faɗa wa mai ƙaramar motar ya kai kilomita 116. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan haɗuwa: ko ƙwai ya faɗa kan dutse, ko dutse ya faɗa kan ƙwai, ƙwai ne a wahala.

Bincike ya tabbatar da lissafin. Leonard Evans, wanda ya daɗe yana nazarin hatsarin mota a kamfanin General Motors na Amurka, ya bi bayanan karo tsakanin motoci biyu ya gano cewa idan ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, haɗarin mutuwar direban mara nauyin ya kai kusan ninki 12 na ɗan'uwansa. A shekarar 2009 kuma cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka suke ɗaukar nauyinta, ta haɗa ƙananan motoci da matsakaita na kamfani ɗaya gaba da gaba, kowace tana gudun kimanin kilomita 64: Yaris da Camry, Fit da Accord, Smart da Mercedes C. Ƙananan nan uku duk sun samu sakamako mai kyau a gwajin da ake buga mota da shinge, amma da suka haɗu da yayyensu sai aka ga bambanci ƙarara, duka ukun suka faɗi.

Nauyi kuwa ba shi kaɗai ne yake aiki ba. Akwai tsawon gaban mota, wato tazarar da take tsakanin bamba da gwiwar direba. Tun daga 1959, lokacin da Mercedes ta fitar da mota bisa dabarar injiniyanta Béla Barényi, ake ƙera gaban mota yadda zai lanƙwashe ya shanye dukan, a bar ɗakin da mutane suke zaune da ƙarfinsa. Wanda ya je garejin masu gyaran jikin mota ya ga Camry da bonet ɗinta ya nannaɗe har gilashi, amma ƙofar direba tana buɗuwa lafiya, ya ga wannan dabara da idonsa. Mota mai dogon gaba tana da wurin lanƙwasa da yawa, ƙarama tana da kaɗan.

A nan ne maganar "babba ta fi" take fara tangarɗa, domin motoci da yawa da muke kira manya ba su da gaba. Direban Hiace mai shafaffen hanci, da na kanta, da na mafi yawan kawunan DAF da MAN da Howo, a saman injin ko dab da shi suke zaune. Tsakanin ƙafafunsu da abin da za su daka babu komai sai fallen ƙarfe da fitila. Direban tirela yana cin ribar tsayinsa idan ƙaramar mota ce ta shige masa, domin dukan a ƙasa da kujerarsa yake sauka. Ranar da ya daki bayan wata tirela, ko ƙafar gada, wannan riba ta tafi. Direban Hiace kuwa ko wannan tsayin ba shi da shi. Motarsa ta fi Camry girma da ɗaukar mutane, amma a karon gaba mai Camry ya fi shi abin kariya.

Sai kuma hatsarin da mota take yi ita kaɗai: taya ta fashe, birki ya ƙi, barci ya ɗauki direba, mota ta ƙwace. A irin wannan babu wata ƙaramar mota da za a tura wa dukan. Bishiya da gada da rami ba sa matsawa, nauyin motar ma shi yake ƙara wahalar tsayar da ita. Mota mai tsayi kuma nauyinta a sama yake, don haka ta fi saurin wuntsilawa idan aka murɗa sitiyari da ƙarfi ko taya ɗaya ta sauka daga kwalta. Tsofaffin jif-jif sun yi ƙaurin suna a wannan, sai da aka fara sa wa motoci na'urar da take daidaita birkin kowace taya idan mota ta fara zamewa, wadda ta zama dole a sababbin motocin Amurka daga ƙirar 2012. Da yawa cikin jif ɗin da suke yawo a titunanmu sun girmi wannan doka.

Kano ta ga misalin haka sau biyu cikin 'yan watanni. A watan Fabrairu na 2025 wata tirela da ta ɗauko kaya da mutane ta ƙwace ta kife a gadar Muhammadu Buhari da ke Hotoro, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ce mutum 23 suka rasu. Ranar 31 ga Mayu na shekarar, bas ɗin da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa daga kan gada a yankin Ciromawa, kan hanyar Zariya, aka rasa sama da mutum 20. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duka motocin biyu manya ne, kuma girman bai yi wa na ciki rana ba. Direban tanka yana da ƙarin nasa: mai yana tangaɗi a cikin tanki a kan kwana, ga fargabar wuta. Mai ɗauke da rodi ko katako kuwa, idan ɗaurin bai yi ba, birki mai ƙarfi yana iya turo kayan su faso masa ɗaki ta baya.

To me ƙaramar mota take da shi? Tana tsayawa a tazarar da tirela mai lodi ba za ta iya ba, tana kaucewa cikin sauƙi, tana zaune ƙasa-ƙasa don haka ba ta cika kifewa ba. Tayarta da birkinta sun fi araha, mai ita ya fi samun ikon sauya su a kan lokaci, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa yake lissafin aljihunsa. Wato ƙarfinta yana wajen guje wa hatsari, rauninta yana bayan hatsarin ya auku.

Sai dai mu da kanmu muke zubar da wannan fifiko a tasha. Dubi Golf ɗin da ta gama lodi za ta Zariya: mutum biyu a kujerar gaba, na tsakiya cinyarsa tana gogar giya, huɗu a baya, but a buɗe an danne buhuna da igiya, bayanta ya zauna har salansa tana neman taɓa ƙasa. Motar da aka ƙera don mutum biyar ta zama wata aba dabam. Birkinta ya yi nisa, sitiyarinta ya yi sako-sako, kuma bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu. Direban yakan rataya nasa ne idan ya hango jami'an hanya, ya zare da an wuce. Da yawa cikin motocin da ake shigowa da su na hannu sun taɓa yin hatsari a can, jakar iskar sitiyari ta riga ta fashe, aka like murfin aka sayar. Mai irin wannan mota ya rasa amfanin ƙanƙanta, bai kuma samu na girma ba.

Mafi muni ga ƙaramar mota shi ne shigewa ƙarƙashin tirela. Bayan tirela ya fi bonet ɗin Golf tsayi, don haka gaban da aka ƙera ya shanye duka yakan wuce ta ƙasa, ƙarfen ya sauka kai tsaye a gilashi da kan direba. A Turai da Amurka doka ta tilasta a sa ƙarfen kariya a bayan manyan motoci saboda wannan. A hanyoyinmu kuwa sau nawa ake cin karo da tirela ta lalace cikin dare, babu fitila, babu kyallen gargaɗi, sai 'yan ganyaye da karen mota ya karyo ya jera a kwalta?

Bayan nauyi da tsawon gaba, akwai abu na uku da yake iya rinjayar girma gaba ɗaya, shi ne zamanin ƙira. A 2009 ɗin dai IIHS ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009. Tsohuwar ta fi tsawo, ta ɗan fi nauyi, irin motar da dattawa suke cewa ta ƙarfen gaske ce. Ɗakinta ya ruguje, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba, ɗakin sabuwar kuwa ya tsaya. Kaurin fallen jiki ba shi ne kariya ba. Haka bel mai ɗaure ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi, kuma tun 2003 ake tilasta ɗaura shi a Najeriya. Gudu kuma ya fi su duka: wanda ya tashi daga kilomita 60 zuwa 120 ya ninka ƙarfin dukan sau huɗu. Dokar hanya ta ba motar gida kilomita 100 a babban titi, motar haya 90, tirela da tanka 60, kuma tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Duk wanda yake bin hanyar Zariya ya san yadda ake ji da waɗannan lambobi.

Saura tambayar da mai sayen jif ba ya son ji: kariyar da ya samu, daga ina ta fito? A karon mota biyu, abin da ya ragu a kansa kan wani ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Binciken IIHS na shekarar ya nuna motar da tsayin bonet ɗinta ya haura mita ɗaya ta fi gajera yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin 100, saboda a ƙirji da kai take duka, gajerar kuwa a ƙafa. A Na'ibawa wannan magana ce a kan mai tallar lemo da yake tsallaka titi, da ɗan dako, da fasinjan a daidaita sahu wanda ba shi da ƙofa balle bel. Idan kowa ya sayi babba don tsoron babba, masu hali sun koma kunnen doki, talaka ne ya ƙara shiga haɗari.

Idan aka auna duka, a karo tsakanin motoci biyu babbar ta fi kare direbanta, kuma bambancin mai yawa ne. A kifewa, ko dukan gada da bishiya, girman ba ya ceto, wani lokaci ma shi ne sanadi. Ga magidancin da yake neman motar iyali, matsakaiciya mai dogon gaba, wadda ba ta tsufa ainun ba, mai jakar iska da ba a taɓa ba da taya mai kyau, ta fi tsohuwar jif, ta kuma fi 'yar mitsitsiyar mota. Kafin ya biya kuɗi ya sa bakanike ya duba masa jakar iska da bel, kamar yadda yake sawa a duba injin.

Mai ƙaramar mota, kada ka manne wa bayan tirela, kada ka shiga ta hannun damanta a kwana, kada ka sha gabanta ka taka birki. Idan ba ka ganin madubinta, direbanta ba ya ganin ka. Oga mai tirela da masu kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai da suke ba ku lodi, nauyin da yake kare ku shi yake hallaka na ƙasa, don haka hakkin birki mai kyau, da fitilar baya, da ƙarfen kariya, da hana mutane hawa kan kaya yana wuyanku. Hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, KAROTA, da Hukumar Kiyaye Haɗura su fara bincikensu daga nan.