Me Ke Cikin Sararin Ƙwayar Zarra?

A shekarar 1909, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu kan siririn fallen zinariya. Kusan duk suka ratsa suka wuce, sai 'yan kaɗan ƙwarai da suka dawo baya. Daga nan ne Ernest Rutherford ya bayyana a 1911 cewa kusan duk nauyin zarra a dunƙule yake cikin wata 'yar cibiya, saura kuwa sarari ne. Da za a buɗa zarrar haidurojin ta kai girman filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, da cibiyar ba ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba.

To, me ke tsakani? Ɗalibai kan ce iska, alhali ita ma iskar da zarra aka yi ta, ba ta da ƙofar shiga. Wasu littattafan kan ce babu komai. Wannan amsar ta fi damuna, domin takan zauna a kan yaro har girmansa. Zanen da ake yi a allo, na elektaron yana kewaya cibiya shi kaɗai, shi ke jawo ta. Tun 1926 lissafin Erwin Schrödinger ya nuna cewa elektaron a bazu yake cikin sararin, wani wuri da kauri, wani wuri shara-shara. Ƙarfin lantarkin da ke ɗaure shi da cibiya ma a nan yake, ya game ko'ina. Ka dafa Dutsen Aso ka danna iya ƙarfinka, hannunka ba zai ratsa shi ba. Elektaron na tafinka da na dutsen ne ke tunkuɗar juna, ga kuma ƙa'idar da Wolfgang Pauli ya gano a 1925, wadda ta hana elektaron biyu zama a hali ɗaya.

Ga wata shaidar cewa sararin ba fanko ba ne. A Sheda, cikin yankin Kwali, akwai cibiyar kimiyya da ke da na'urar haska kayan abinci da hasken gama. Hasken kan ratsa buhun wake, a hanya ya yi karo da elektaron da ke jikin ƙwari, ya fizge su daga mazauninsu, ƙwarin su mutu. Irin wannan karon ne ke cinye ƙarfin hasken cikin kakkaurar katangar kankare da ke tsare ma'aikata.