Shari'a A Tsakiyar Teku: Ikon Shugaban Jirgi A Zamanin Kamfanin Holan

A ƙarni na 17, jirgin fatake da ya tashi daga ƙasar Holan zuwa tsibiran da a yau ake kira Indonesiya yakan yi kimanin wata 8 a bisa ruwa. A cikinsa akwai mutum 200 zuwa 300 ko fiye, matuƙa da sojoji da 'yan kasuwa, a cunkushe, ga ƙarancin ruwan sha, ga cuta. To idan wani ya yi sata, ko ya zare wuƙa, ko ya yi kisa, wa zai yanke masa hukunci, alhali alƙali mafi kusa yana can nisan tafiyar watanni? Wannan maƙala za ta duba yadda Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka fi sani da VOC, ya tafiyar da wannan al'amari.

An kafa kamfanin a shekarar 1602 domin fataucin masoro da kanumfari da kirfa da sauran kayan ƙamshi. Takardar izinin da gwamnatin Holan ta ba shi ta wuce batun ciniki, domin ta ba shi damar gina ganuwa, da ajiye sojoji, da ƙulla yarjejeniya da sarakuna, da kuma yin shari'a a yankunan da yake fatauci. Daga wannan izini ne ikon hukunci a cikin jirgi ya samo asali. Kafin a tashi, kowane ma'aikaci sai ya yi rantsuwar bin wata takardar dokoki da ta jera laifuffuka da horon kowanne.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a farkon ƙarnin, kyaftin ba shi ne shugaban ƙoli ba. Akwai babban wakilin ciniki na kamfani, wanda shi ne ke da maganar ƙarshe. Kyaftin shi ya san iska da taurari da hanya, shi matuƙa ke tsoro, amma wakilin yana iya umartarsa ya tsaya ko ya canza zango idan ribar kamfani ta buƙaci haka. Sai ka ɗauka ayari ne da madugu ke ja, amma mai kaya ke faɗin inda za a yada zango. Masu kamfanin sun yi haka ne domin tsare dukiyarsu, sai dai kuma sun shuka gaba tsakanin mutum biyu da ba su da wurin guje wa juna.

Har ila yau, ko shi wakilin ba ya yanke babban hukunci shi kaɗai. Akwai majalisar jirgi, wadda ta ƙunshi wakilin da kyaftin da wasu manyan jami'ai. Ita ke sauraron shaidu, ta yanke hukunci, a rubuta, mambobi su sa hannu, domin a nuna wa hukumar kamfani idan an isa Batabiya, wato birnin Jakarta na yanzu. Akwai kuma jami'i guda, kamar dogari, mai tsare masu laifi da zartar da horo.

Horon kuwa ba na wasa ba ne. Ƙananan laifuffuka kamar zagi da maye, a yanke albashi, ko a yi bulala, ko a sa mari. Wanda ya zare wuƙa a faɗa, akan kafe hannunsa da wuƙar a jikin ginshiƙin jirgi, sai ya fizge da kansa. Akan kuma ɗaure mutum da igiya a sako shi daga sama ya faɗa ruwa, a jawo shi, a sake. Mafi muni shi ne a ɗaure shi a jawo shi ta ƙarƙashin jirgi daga wannan gefe zuwa wancan, inda ɓawon halittun ruwa da suka manne a katako ke yayyanka jikinsa. Tawaye da kisan kai hukuncinsu kisa ne.

Labarin jirgin Batabiya, mai sunan birnin, ya nuna inda wannan tsari ke da ƙarfi da inda yake da rauni. Ya tashi daga Holan a watan Oktoba na 1628 da mutum kusan 340. Babban wakili shi ne Francisco Pelsaert, kyaftin kuma Ariaen Jacobsz, kuma dama sun taɓa samun saɓani tun a Indiya. Da suka tsaya a kudancin Afirka, kyaftin ya bugu ya tayar da rigima, Pelsaert ya tsawata masa. Daga nan, bisa ga abin da aka faɗa a shari'a daga baya, kyaftin ya haɗa kai da mataimakin wakili, Jeronimus Cornelisz, domin ƙwace jirgin da akwatunan azurfar da ke ciki. Wata rana da dare wasu mutane da suka rufe fuska suka auka wa wata fasinja mai suna Lucretia Jans suka wulakanta ta. An ce manufarsu ita ce Pelsaert ya yi horo mai tsanani, matuƙa su fusata su bi 'yan tawaye. Pelsaert bai taɓa kowa ba, ya bari sai an isa tudu. A ganina nan ne iyakar ikon nasa ta fito fili: doka tana hannunsa, amma hannayen da za su zartar da ita yaran kyaftin ne.

Ranar 4 ga Yuni, 1629, jirgin ya daki duwatsun ruwa kusa da wasu ƙananan tsibirai a yammacin Ostiraliya. Kimanin mutum 40 suka nutse. Pelsaert da kyaftin da wasu, su 48, suka shiga kwalekwale neman ruwan sha, daga ƙarshe suka zarce Batabiya cikin kwana 33. A can aka tsare kyaftin, aka kuma rataye shugaban matuƙa saboda abin da aka yi wa Lucretia.

A tsibiran kuwa, shugabanci ya faɗa hannun Cornelisz, tunda shi ne mafi girman muƙami a cikin waɗanda suka rage. Bai yi watsi da tsarin majalisa ba, rushe ta ya yi ya naɗa mutanensa. Kashe-kashen farko ma da sunan hukuncin sata aka yi su, kafin daga baya a daina neman hujja. Cikin 'yan watanni sun hallaka mutum wajen 125, har da mata da yara. Wani soja mai suna Wiebbe Hayes, wanda aka tura wani tsibiri da ƙungiyarsa ba tare da makamai ba da fatan ƙishirwa ta kashe su, ya sami ruwa, ya yi tsayin daka, har ya kama Cornelisz.

Pelsaert ya dawo a watan Satumba a jirgin Sardam, ya kafa majalisa a nan tsibirin. Dokar Holan ta lokacin ba ta yarda a kashe mutum ba sai ya amsa laifinsa, saboda haka aka yi amfani da azabar ɗura ruwa, sa'an nan aka nemi wanda ake tuhuma ya sake tabbatar da maganarsa ba tare da azaba ba. Cornelisz ya yi ta amsawa yana janyewa. Bisa ƙa'ida, Batabiya ya kamata a kai manyan masu laifi, amma majalisar ta ga hatsari ne a ɗauki 'yan tawaye masu yawa tare da azurfar da aka tsamo a jirgi ɗaya. Ranar 2 ga Oktoba, 1629, aka yanke hannayen Cornelisz biyu aka rataye shi tare da mutum 6. Wasu biyu, Wouter Loos da wani matashi Jan Pelgrom, aka sauke su a gaɓar Ostiraliya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wasu aka ja su ta ƙarƙashin jirgi ko aka yi musu bulala a hanyar komawa, sauran kuma suka fuskanci shari'a a Batabiya.

Kyaftin Jacobsz bai taɓa amsa laifin tawaye ba, kuma ba a sami hujjar da za a yanke masa hukunci a kai ba. Pelsaert ma bai tsira da mutuncinsa ba. Hukumar kamfani ta zarge shi da barin mutanensa da kayan kamfani a tsibiri, aka kuma ƙwace dukiyarsa bisa zargin yin cinikin kansa a ɓoye. Ya rasu a 1630.