Daga Gidan Wuta Zuwa Gidan Fasaha: Tarihin Ginin Tate Modern na Birnin Landan

1.0 Gabatarwa

Idan mutanen gida suka watse, aka bar gini babu mai shara babu mai yaɓe, sai Bahaushe ya ce gidan ya zama kango. Makomar kango kuwa sananniya ce: damina ta ci rabonta, dabbobi su mai da shi makwanci, daga bisani wani ya sayi filin ya rushe abin da ya rage. Irin wannan makoma ita ce ta sami masana'antu da dama a ƙasashen Turai tun daga wajen 1970, sa'ad da aka riƙa kashe injuna ana sallamar ma'aikata. Amma akwai gine-ginen da suka tsira, domin an samo musu wani aiki dabam da wanda aka gina su saboda shi.

Wannan maƙala za ta yi bayanin ɗaya daga cikin irin waɗannan gine-gine, watau tsohuwar tashar wutar lantarki ta Bankside da ke bakin Kogin Tems a birnin Landan, wadda tun 2000 ta koma gidan nuna fasahar zamani mai suna Tate Modern. Za a duba asalin ginin, da dalilin mutuwarsa, da yadda aka juya shi, da irin ayyukan da ake yi cikinsa, sannan da matsalolin da suka biyo baya. Abin da ake nufi da fasahar zamani a nan shi ne ayyukan zane da sassaƙa da ƙira da hoto da majigi waɗanda aka yi daga 1900 zuwa yau, tare da wasannin da mai fasaha kan shirya a gaban 'yan kallo, da jikinsa ko da jikin wasu.

2.0 Asalin Ginin

Tun 1891 ake samar da wutar lantarki a unguwar Bankside, a gaɓar kudu ta kogin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsohuwar tashar ta tsufa, aka ƙudurta gina sabuwa. Wannan shawara ta gamu da suka ƙwarai, domin wurin yana fuskantar babbar majami'ar St Paul da ke ɗaya gaɓar, kuma mutanen Landan suna tsoron kada hayaƙi da girman masana'anta su dusashe kwarjinin majami'ar. Saboda haka aka ɗanƙa zanen ginin ga Sir Giles Gilbert Scott, mutumin da ya zana babbar majami'ar Liverpool da kuma jajayen akwatunan tarho na titunan Ingila. Shi ne ya tsara a yi bututun hayaƙi guda ɗaya tak a tsakiyar ginin, tsawonsa mita 99, don kada ya kai ƙubbar St Paul mai mita 111.

An fara aiki a 1947, aka soma ba da wuta a 1952, aka kammala kashi na biyu a 1963. Ginin na ƙarfe ne aka lulluɓe shi da jan bulo sama da miliyan 4, tsawonsa kuma kimanin mita 200. Da farko da gawayin kwal aka yi niyyar tafiyar da tashar, amma ƙarancin kwal da aka sha a hunturun 1947 ya sa aka koma ga mai. Yadda aikin yake shi ne, jiragen dako su kawo mai ta kogi a zuba cikin manyan tankuna uku da aka haƙa ƙarƙashin ƙasa. A ƙona man a tafasa ruwa cikin manyan tukwane. Tururin ya fita da ƙarfi ya juya injuna. Juyawar injunan ita ke haifar da wuta. Don haka ginin ya kasu uku: sashen tukwane a arewa wajen kogi, zauren injuna a tsakiya, sashen rarraba wuta a kudu. Ya kamata a riƙe wannan kaso, domin a kansa aka ɗora dukkan gyaran da aka yi daga baya.

3.0 Zaman Kango

Man da ya raya tashar shi ne ya kashe ta. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, har wutar da ake samu da shi ta fi ta kwal tsada nesa ba kusa ba. Sai aka riƙa rage aiki a Bankside, daga ƙarshe aka rufe ta a 1981. Ƙaramar tashar rarraba wuta kaɗai aka bari tana aiki a ɓangaren kudu.

Ginin ya yi shekara goma sha uku a rufe. Masu kishin tsofaffin gine-gine sun nemi gwamnati ta sa shi cikin jerin waɗanda doka ta hana a rushe, ba a amsa musu ba. Fili irin wannan a tsakiyar Landan kuwa ba ya rasa masu zawarci, saboda haka saura ƙiris ya bi hanyar kowane kango.

4.0 Yadda Aka Juya Ginin

Gidan zane-zane na Tate an buɗe shi ne a 1897 a unguwar Millbank, da dukiyar wani attajiri mai suna Henry Tate wanda ya yi arziki da cinikin sukari mai ƙwaya. Da tafiya ta yi nisa kayan da aka tara suka fi ƙarfin gidan, har ya zama akasarinsu suna ɗakin ajiya ba mai ganinsu. A zamanin shugabancin Nicholas Serota aka yanke shawarar raba kayan gida biyu: na masu fasahar Birtaniya su zauna a Millbank, na zamani daga ƙasashen duniya a nema musu sabon wuri. A 1994 aka ba da sanarwar cewa an zaɓi Bankside.

An yi gasa tsakanin masu zanen gini na ƙasashe da yawa, a 1995 kuma wasu mutum biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Jacques Herzog da Pierre de Meuron, suka yi nasara. Abin da ya bambanta tsarinsu shi ne ƙarancin abin da suka ce a taɓa. Sun bar bango da bututun hayaƙi yadda suke. Sashen tukwane suka mai da shi benaye na ɗakunan nuni. Zauren injuna kuwa aka kwashe injunan aka bar shi fayau, har da ƙugiyoyin ɗaga kaya da ke rataye a sama, waɗanda a da suke ɗaga sassan inji, yanzu suke ɗaga ayyukan fasaha. An yi gangara mai faɗi daga ƙofar yamma wadda ke sauko da mutum har cikin zauren, sannan aka aza bene biyu na gilashi a kan rufi domin haske ya shigo.

Aikin ya ci fam miliyan 134, kuma miliyan 50 daga ciki sun fito ne daga asusun cacar ƙasa ta Birtaniya. An buɗe gidan a watan Mayu na 2000. An yi tsammanin baƙi miliyan 2 a shekara, sai ga shi a shekarar farko sun haura miliyan 5. Abin da ya taimaka shi ne ba a biyan kuɗi don ganin kayan gidan na dindindin, daga baya kuma gadar ƙafa wadda ta haɗa ƙofarsa da St Paul ta ƙara sauƙaƙa zuwa wurin. Wannan cunkoso shi ya sa aka ƙara sabon bene mai hawa goma a ɓangaren kudu, aka buɗe shi a 2016.

5.0 Zauren Injuna da Tankuna

Zauren injuna tsawonsa mita 155, tsayinsa mita 35. Ba a rataya ƙaramin zane a wuri irin wannan, domin zauren zai haɗiye shi. Saboda haka aka ɗauki al'adar gayyatar mai fasaha guda ya shirya aiki musamman domin zauren, ya yi watanni sannan a kwashe. Louise Bourgeois ce ta fara a 2000. A 2003 Olafur Eliasson ya kafa wata babbar rana ta fitilu, ya cika zauren da hazo, ya lulluɓe rufi da madubi, mutane suka riƙa kwanciya a ƙasa suna kallon kansu a sama. A 2007 Doris Salcedo 'yar ƙasar Kolombiya ta tsaga daɓen zauren tsawon mita 167 don nuna rarrabuwar da ke tsakanin 'yan ƙasa da baƙi. An cike tsagar, amma tabonta yana nan. A 2010 Ai Weiwei na ƙasar Sin ya shimfiɗa ƙwayoyi miliyan 100 na tangaran masu kama da irin wani fure, kowace ƙwaya an yi mata fenti da hannu. Da farko an bar mutane suna takawa, amma bayan 'yan kwanaki aka hana saboda ƙurar da ke tashi.

Wasa ma ya sami gurbi. Alal misali, a 2008 Tania Bruguera ta ƙasar Kuba ta shigo da 'yan sanda biyu bisa dawaki, suka riƙa kora 'yan kallo nan da can kamar yadda ake yi wa masu zanga-zanga. Manufarta ita ce mutum ya ji a jikinsa yadda yake bin umurnin hukuma ba tare da ya tambayi dalili ba. A nan babu dandamali, babu labule, kuma ɗan kallo shi kansa yana cikin wasan. Wanda ya san wasan tashe ko dandalin 'yan kama ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

A 2012 aka buɗe tankunan man nan na ƙarƙashin ƙasa, kowanne faɗinsa kimanin mita 30, aka keɓe biyu daga cikinsu domin raye-raye da wasanni da majigi. An bar bangonsu na kankare da tabon aikinsa na da. Muhimmancin wannan shi ne, a al'adar gidajen adana fasaha abin da ake iya ratayewa ko a girke shi ne dukiya, wasa kuwa baƙo ne da kan zo ya wuce. Ba shi ɗaki nasa na dindindin amincewa ce da cewa aikin da ke ƙarewa da tashin 'yan kallo shi ma abin adanawa ne.

6.0 Masu Fasahar Afirka

A shekarunsa na farko an zargi gidan da fifita Turai da Amurka. Daga baya an sami sauyi. A 2013 aka yi babban nunin ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman, wanda ya gina zanensa a kan siffofin rubutun Larabci. A 2023 aka ba El Anatsui zauren injuna. Shi mutumin Ghana ne da ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1975. Ya rataya manyan mayafai da aka ɗinka da dubban marafan kwalabe, yana tunatar da cinikin bayi da sukari da barasa a Tekun Atlantika, a cikin gidan da ke ɗauke da sunan attajirin sukari. Har wa yau, a watan Oktoba na 2025 aka buɗe nuni a kan fasahar zamani ta Nijeriya, wanda ya haɗa da ayyukan 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, da tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20.

7.0 Matsaloli

Ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa ƙorafi a babban aiki. Na farko, gini ne ya tsira, aikin da ke cikinsa bai tsira ba. Masu kula da tukwane da injuna ba su ne suka dawo suna tsaron ɗakunan nuni ba, kuma baƙo yana iya zagaye gidan ya fita bai san irin gumin da aka zubar a wurin ba. Na biyu, farin jinin gidan ya jawo manyan gidajen haya masu tsada a unguwar da a da ta ma'aikata da ɗakunan ajiyar kaya ce. Na uku, sababbin maƙwabtan su ma sun yi kuka. A saman sabon benen an yi wurin hangen birni, sai ya zama dubban mutane suna leƙa cikin gidajen da ke kusa masu bangon gilashi. Mazauna suka kai ƙara, aka kayar da su sau biyu, amma a watan Fabrairu na 2023 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ba su gaskiya.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abubuwan da suka sa tashar Bankside ta dace da injuna, watau faɗi da tsayi da ƙarfin daɓe da kusanci da jama'a, su ne suka sa ta dace da fasaha. Masu gyaran sun gane haka, shi ya sa suka taƙaita hannunsu. Za a kuma ga cewa gini kaɗai bai isa ba. Sai da aka sami kayan da za a zuba, da kuɗin gwamnati da na attajirai, da hanyar da za ta kawo mutane, da ƙofa a buɗe ga mai kuɗi da marar shi. Inda ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, gyaran kango yakan zama sabon kango.

Juya tsohon gini ya yi sabon aiki ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kano, waɗanda suka ga Gidan Makama ya koma gidan adana kayan tarihi. Abin da labarin Bankside ya ƙara shi ne cewa masana'anta ma tarihi ce, kamar fada da ganuwa. Duk garin da ke da masaƙun da suka yi shiru, irin na Kakuri a Kaduna, yana da shawarar da zai yanke kafin damina ta yanke masa, domin Bankside da aka bari ta shekara goma sha uku saura kaɗan a rasa ta.