Ciwon Haƙori: Wanne Ne Ba Ya Jiran Gobe?

Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Abijan ya san kasuwar Roxy a Adjamé, inda ake baza ƙwayoyin magani a faranti kamar goro. Idan haƙori ya hana mutum barci a unguwar Saint-Michel, sau da yawa can yake nufa ya sayi diclofenac ko ibuprofen. Haka ake yi a ƙauyukanmu wajen mai tebur. Zafin yakan lafa, amma ciwon yana nan yana ci a ɓoye.

Idan rami ya ci haƙori har jijiya, ƙwayoyin cuta sukan sauka tushensa su tara mugunya. In ba ta sami hanyar fita ba, sai ta bi cikin nama zuwa kunci, ƙarƙashin haɓa da wuya. Kumburin yana iya tura harshe baya ya toshe numfashi, ko cutar ta shiga jini. Maganin kashe zafi ba ya tsayar da wannan. Wani lokaci ma zafin yakan ɗauke da kansa don jijiyar ta mutu, mutum ya zaci ya warke.

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Kumburi a ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko wanda ya hau wajen ido.
2. Wahalar haɗiyar yawu ko numfashi, ko murya ta canza.
3. Baki ya ƙi buɗuwa yadda yatsu biyu za su shiga.
4. Kumburin fuska tare da zazzaɓi da kasala.
5. Jini ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori, alhali an ciji tsumma mai tsabta na minti 30.
6. An bugu a fuska, haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa daidai.

Mai ciwon sukari da mace mai ciki kada su jira ko da kumburin ƙarami ne.

A Abijan, a nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Adjamé, ko manyan asibitocin koyarwa na Treichville da Cocody. Idan numfashi ya yi wuya a kira SAMU a lamba 185. A ƙauye, a nemi mota ko babur zuwa asibiti mafi kusa. A bar majinyacin a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Kada a gasa kumburin, kada a tsaga shi, kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin. Likita zai fitar da mugunyar, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta, ya gyara haƙorin ko ya cire shi.

Idan haƙorin babba ya fita ɗungum sanadin faɗuwa, a riƙe shi ta kansa, ban da tushen. A sa shi cikin madara, a kai wa likitan haƙori kafin awa 1, don ana iya mayar da shi. Haƙorin nono na yara ba a mayar da shi.

Iyaye kuma su lura da bakin yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Dasashi mai jini da wari tare da kumburin kunci na iya zama farkon cutar noma, mai cinye fuska cikin kwanaki kaɗan. Idan an kai yaro da wuri, magani yana tsayar da ita.

Haƙori mai tsami in an sha ruwan sanyi, ko ɗan rami marar kumburi, zai iya jira, amma a ga likita cikin makon nan. Cike rami yau ya fi kwanciyar asibiti sauƙi da araha.